Sarkin Ruwa da Iskokin Gulbi

Gulbin Gagare ya ratsa ƙasar Ƙaura Namoda ya nufi Shinkafi. Gulbin Bunsuru kuma ya bi ta ƙasar Zurmi. Dukansu biyu cikin Gulbin Rima suke zubawa. Da rani yashi ne zalla, sai ɗan gurbi nan da can. Da damina kuwa sukan cika su batse, su raba ƙauye da kasuwa. Wani lokaci har su ci mutum ko dabba.

Wannan ya sa mutanen dā suke tsoron gulbi. A ganinsu kowane gurbi mai zurfi yana da mai shi, wato iska. Masu bori suna da wani iska da suke kira Sarkin Rafi. Idan ruwa ya ci mutum, sai a ce mai ruwa ne ya yi fushi. Sai a kai kaza ko akuya a yanka a bakin gulbi don a lallashe shi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Ya koyar da cewa yanka don wanin Allah shirka ne. Sannu a hankali aka bar wannan tsafi. Amma sarautar Sarkin Ruwa ba ta mutu ba, domin aikinta na gaske ne. Shi ne shugaban masunta da masu fito. Ya san mashigi, ya san inda kada yake kwana. Idan wani ya nutse, shi ake kira.

Ruwan da ya wuce Ƙaura da Zurmi, shi ne yake bi ta Sakkwato ya isa Argungu. A can akwai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi. Bikin ya samu sabon matsayi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake kiyayewa. A Matan Fada ba a su kullum. Ana rufe wurin, ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya duba ya ba da izini.

A ƙasar Japan ma, can gabas mai nisa, manoman shinkafa suna da abin bauta na ruwa mai suna Suijin. Sukan yi masa ɗan ɗaki kusa da rijiya ko bakin kogi. Ƙabilar Ainu ta arewacin ƙasar tana da Wakka-ush Kamuy, wadda suka ɗauka ita ce mai kula da ruwan sha. Don tsoronta ba sa zuba ƙazanta a kogi.

Akwai dabara a ƙarƙashin wannan tsoro. Rufe gurbi na wasu watanni yana ba kifi damar yin ƙwai ya girma. Hana yara shiga wuri mai zurfi yana ceton rai. Inda tsoron iska ya tafi, kuma aka daina jin maganar Sarkin Ruwa, sai ɓarna ta shigo. Wasu masunta sukan zuba maganin ƙwari irin su Gamalin cikin gurbi don kifi ya taso. Gubar tana kashe babba da ƙarami, har da ƙwai. Wannan ruwan ne shanu suke sha, shi ne kuma mata suke ɗiba su kai gida.