Yaro Ya Yi Babban Laifi: Wace Kotu Ce Za Ta Yi Masa Shari'a?

Duk lokacin da aka kama matashi da ƙwacen waya ko sarar ɗan kabu-kabu a Sabon Garin Maradi, maganar da ake ji a bakin jama'a ɗaya ce: "Wanda ya iya riƙe wuƙa ai ba yaro ba ne, a haɗa shi da manya." Fushin yana da dalili, domin wanda aka zubar wa jini bai damu da shekarun wanda ya sare shi ba. Sai dai dokar Nijar ta bi wata hanya, kuma iyaye da yawa a Maradi, Tibiri da Jiratawa ba sa saninta sai ranar da ɗansu ya kwana a hannun 'yan sanda ko jandarma.

Tun 1999 Nijar ta kafa kotunan yara, sannan dokar ranar 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara aikinsu. A ƙarƙashinta, wanda bai cika shekara 18 ba ranar da ya aikata laifin, kotun yara ce ke riƙe da shari'arsa, ko da laifin kisa ne. Ɗan ƙasa da shekara 13 ba a yanke masa hukuncin ɗauri. Matakin kariya da tarbiyya ake ɗauka a kansa. Daga 13 zuwa 18 kuwa, alƙali yana duba ko yaron ya san nauyin abin da ya yi. Idan ya sani, za a hukunta shi, amma da sassauci: laifin da zai ja wa babba kisa ko ɗaurin rai da rai yana komawa ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Kowa ya san wannan ba wasa ba ne. Saboda haka masu tura yara sata da fashi, suna ce musu "ai kai ba a ɗaure ka", yaudararsu suke yi.

Me ya sa ba a haɗa su da manya? Ɗan shekara 15 da aka kulle ɗaki ɗaya da tsofaffin 'yan fashi, su zai yi wa wanki da ɗibar ruwa, a bakinsu zai koyi yadda ake fasa shago da inda ake sayar da kayan sata. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ranar da ya fito, unguwar da ta ce a kai shi can ita ce za ta fara ɗanɗanawa. Don haka ne Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a raba yaro da manya a wurin tsaro, ta kuma hana yanke masa hukuncin kisa. Amurka, inda jihohi da dama ke kai yara kotun manya, sai a 2005 Kotun Ƙolinta ta haramta kashe wanda ya yi laifi kafin ya kai 18. A maƙwabciyarmu Najeriya ma, a watan Nuwamba 2024 an gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Surutun jama'a ya sa Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Inda gizo ke saƙa a wurinmu shi ne shekaru. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ga shi da tsawo da faɗin ƙirji, ana iya rubuta masa shekara 19 a takardar bincike ta farko, shi ke nan ya faɗa layin manya. Gyara wannan daga baya yana da wuya, yaron kuma yana can a gidan kaso ana ta kai da kawo.

Saboda haka, iyaye, a yi wa kowane jariri rajista a ofishin magajin gari ko wurin da aka haife shi. Wanda lokaci ya wuce masa, a je kotu a nemi takardar shari'a da ke maye gurbin takardar haihuwa. Idan an kama ɗanku, kada kunya ta zaunar da ku a gida. Ku je da takardarsa tun ranar farko, ku tabbatar an rubuta shekarunsa daidai, ku nemi a kai maganar gaban alƙalin yara na babbar kotun Maradi. Yana da haƙƙin samun mai kare shi, kuma hukumar taimakon shari'a ta ANAJJ, da aka kafa a 2011, tana ba yara wannan taimako kyauta. Kada ku ba kowa kuɗi da sunan "kashe magana".

Ku kuma da aka cuta, shari'ar yara ba ta toshe muku hanya ba: kuna iya neman diyya a gaban kotu. Amma duk wanda ya ɗauki doka a hannunsa ya lakaɗa wa yaro dukan da ya kai shi lahira, shi ne zai tsaya gaban kotun manya, ba tare da wani sassauci na ƙuruciya ba.