Ranar Da Manhaja Ke Karɓar Amana

Shirinmu na yau ya shafi wata sa'a wadda mai saye da mai sayarwa ba kasafai suke sanin an yi ta ba, alhali kuwa dukiyarsu ce ke rataye a kanta, wato sa'ar da ake ɗauke manhajar biyan kuɗi daga kwamfutar wanda ya rubuta ta, a aza ta bisa uwar garke, babbar kwamfutar nan da ba a kashe ta dare da rana, domin jama'a su soma biya ta cikinta da kuɗi na haƙiƙa.

Kafin wannan rana duk gwaji ake yi. Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave, waɗanda ke tsaye tsakanin ɗan kasuwa da bankuna, sukan ba mai manhaja mabuɗi iri biyu, na gwaji da na gaske. Da na gwaji, ko miliyan nawa ya biya, babu kwabon da ya motsa; amma da zarar ya sa na gaske, to hukunci ya sauya, domin abin da ke ratsawa ta hannunsa ya zama haƙƙin wani, fuƙaha'u kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa wanda aka ba ajiya, idan ta salwanta saboda sakacinsa, lamuni ya hau kansa.

Sakacin nan ba ya zuwa da babbar riga. Paystack da kwabo yake lissafi, saboda haka naira 5,000 sai an rubuta ta 500000. Wanda ya sha'afa da wannan, naira 50 zai riƙa karɓa a kan kayan dubu biyar. Mabuɗin asiri ba a rubuta shi a jikin manhaja, a saitin uwar garke ake ɓoye shi. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt wa'adi gare ta, in ba a sabunta ta ba sai abokin ciniki ya tarar da gargaɗi a bakin shafi. Ƙa'idar PCI DSS kuma, wadda manyan kamfanonin kati suka shimfiɗa tun 2004, ta haramta adana lambobin nan uku na bayan kati idan an gama biya.

Wanda ke ganin an tsananta, to ya saurari abin da ya sami kamfanin Knight Capital na Amurka ranar 1 ga Agusta, 2012. Hada-hadar hannun jari yake yi, ba karɓar kuɗin kaya ba, amma darasin ɗaya ne. Uwar garke takwas gare su. Aka ɗora sabon tsari a kan bakwai, aka manta da ta takwas, ba a kuwa sa wani ya bi sawun ma'aikacin da ya ɗora shi ya duba ba. Da kasuwa ta buɗe, sai ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon umarni da aka yi shekaru ba a amfani da shi, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Injiniyoyi kuwa, cikin ɗimuwa, suka cire sabon tsarin daga bakwai ɗin da ke lafiya, ɓarna ta ƙaru. Cikin minti 45 kimanin dala miliyan 440 ta tafi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, ba rashin ilimi ne ya kashe su ba, rashin shaida na biyu ne, da rashin hanyar komawa baya wadda aka jarraba tun kafin buƙata.

Mu ma a nan mun ɗanɗana, musamman a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da mutum zai ga an cire masa kuɗi, mai shago kuwa ya rantse alat bai shigo ba. Saboda irin wannan ne ya wajaba manhaja ta ba kowane ciniki lambarsa, ta yadda in saƙon tabbaci ya zo sau biyu ba za a ƙirga shi biyu ba, ta kuma rubuta kowane motsi da lokacinsa. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Don haka injiniya mai hattara yakan zaɓi tsakar dare, lokacin da ciniki ya lafa, ya fara ɗaukar kwafin rumbun bayanai, abokin aikinsa na gefe yana duba kowane mataki. In an gama, ya zaro katinsa na kansa ya biya naira 100, ya bi ta har ya gan ta a littafin ɗan kasuwa, ya mayar da ita asusunsa, sa'an nan ya aika wa mai kaya cewa ana iya buɗe shago.