Filashi ko Faifai: Da Wanne Za a Tayar da Kwamfuta a Kambaza?

Idan kwamfuta ta ƙi tashi, ta tsaya cak a kan tambarin kamfani, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, babbar manhajar da ke ciki ce ta lalace. Sai a tayar da ita daga waje, ko da faifan DVD ko da filashi. Ga malamin makaranta a Kambaza, ko ɗan garin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, wannan ba ƙaramar magana ba ce. In babu ko ɗaya a hannu, sai an biya kuɗin mota zuwa wurin mai gyara a Birnin Kebbi.

Faifai ya ci zamaninsa. DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabait 4.7, kuma Windows 7 da ta fito a 2009 ta shige shi har da ragowar wuri. Windows 11 kuwa ta fi ƙarfinsa. Ga shi yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu ba su da wurin sa faifai. A tsofaffin da ke da shi ma, ƙurar hunturu kan rufe ɗan idon da ke karantawa. Ko kuma ka ji faifan yana juyi yana gurnani, aiki ya kai rabi ya tsaya, saboda ƙarzuwa ɗaya tak a bayansa.

Filashi ba shi da abin da ke juyawa, ya kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, batir kuma ya tsufa, saurin nan ne ke sa a gama kafin na'ura ta mutu. Mai gigabait 8 ya isa. A zuba masa Windows da manhajar Rufus, a soka shi, a kunna kwamfuta ana danna F12 a Dell, ko F9 a HP, sai jerin zaɓi ya fito. Da manhajar Ventoy kuma, filashi ɗaya zai ɗauki manhajoji da dama. Babban amfanin filashi a wurina shi ne ceto. In an tayar da kwamfuta da babbar manhajar Ubuntu daga filashi, za a iya kwashe sakamakon jarrabawar yara ko kundin ɗalibi kafin a goge komai. Faifai ma na iya wannan, sai dai da nawa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Faifan da ake rubutawa sau ɗaya, da zarar an rufe shi, ƙwayar cuta ba ta da hanyar shiga. Filashi kuwa ƙofarsa a buɗe take. Wanda ya zaga shagunan buga takardu yakan dawo fayilolinsa sun ɓuya, sai gumakan bogi a madadinsu. Akwai kuma jabu a kasuwa, an rubuta gigabait 32 a jiki alhali cikin bai kai haka ba. Shi kansa Rufus yana share duk abin da ke cikin filashi kafin ya fara aiki, don haka a kwashe kaya tukuna.

Na auna su, filashi ya rinjaya, amma da sharaɗi. Tsaron da faifai ke bayarwa a kyauta, mai filashi sai ya samar da shi da kansa. A ware guda ɗaya don tayar da kwamfuta kawai, a ɗauko manhajar daga shafin masu ita, kada a ba da aronsa don kwafar waƙa ko fim.

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar da, don haka na'urori da yawa za su buƙaci sabuwar manhaja. Ya kamata kowace makaranta mai ɗakin kwamfuta a ƙasar Gwandu da Kalgo ta tanadi irin wannan filashi, ta kuma koya wa malami ko ɗaya yadda ake aiki da shi.