3.3 Amfani da Mataimakin Rubuta Manhaja Wajen Haɗa Kiɗa da Wasannin Kwamfuta

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar ƙirƙirarriyar basira. A wannan sashe kuwa za a duba yadda ake amfani da wani reshe nata, wato mataimakin rubuta manhaja, wajen ayyukan fasaha irin su kiɗa da wasanni, da kuma inda taimakon nasa yake tsayawa.

Mataimakin rubuta manhaja wani tsari ne da aka horar da ɗimbin umarnin na'ura mai ƙwaƙwalwa da mutane suka riga suka rubuta. Mutum zai faɗa masa abin da yake so da maganar yau da kullum, shi kuma ya mayar da ita umarnin da kwamfuta za ta iya aiwatarwa. Daga cikin na farko da suka yi fice akwai GitHub Copilot, wanda aka fara gwajinsa a watan Yuni na shekarar 2021, aka buɗe shi ga jama'a a 2022. A watan Nuwamba na 2022 kuma ChatGPT ya fito. Abin lura a nan shi ne, mataimakin ba fahimtar kiɗa ko wasa yake yi irin ta mutum ba. Hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya yake yi, bisa abin da ya fi yawa a cikin rubuce-rubucen da aka horar da shi da su.

Ta fuskar kiɗa, misali mai sauƙi shi ne manhajar Sonic Pi, wadda Sam Aaron ya samar a Jami'ar Kambirij ta Ingila domin koyar da yara. A cikinta da rubutu ake yin kiɗa. Idan aka rubuta play 60, na'ura za ta fitar da wani amo na tsakiya, in aka ƙara lambar amon ya ƙara tashi sama. Wannan lissafi ya samo asali ne daga tsarin MIDI na shekarar 1983, wanda ya jera amo daga lamba 0 zuwa 127. Ke nan makaɗin da bai san harshen manhaja ba yana iya neman mataimaki ya rubuta masa zubin ganga mai maimaita kansa, ya saurara, sannan ya ce a ƙara sauri ko a rage.

Sai dai a nan ne matsala take. Mataimakin da ya rubuta umarnin ba shi ne yake sauraron abin da ya fito ba, kunnen mutum ne alƙali. Bugu da ƙari, tsarin lambobin nan an gina shi ne a kan ma'aunin kiɗan Turai, inda kowane amo yake da matakalarsa. Kalangu kuwa ba haka yake tafiya ba. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta, amo ya zame daga ƙasa zuwa sama yana bin karin sautin magana, shi ya sa mai sauraro yake iya gane kirari ko take. Akwai hanyar lanƙwasa amo a tsarin MIDI, amma sai wanda ya san kalangu ne zai san cewa ita ake bukata, ya kuma san inda za a sa ta. In ba haka ba, za a sami umarni marar kuskure, amma kiɗan ya fito ba na Bahaushe ba.

Ta fuskar wasanni abin ya fi sauri. A watan Fabrairu na 2025 Pieter Levels, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da wasan tuƙa jirgin sama a intanet, wanda ya haɗa da taimakon manhajar Cursor. Irin wannan wasa yana da misalai masu yawa da mataimakin ya koya. Dara kuwa ba ta samu wannan gata ba. A dara ta gidaje 30, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, kuma wanda ya jera uku shi yake cin ɗa ɗaya na abokin karawarsa, jera huɗu kuma ba ya halatta. Idan ba a zayyana wa mataimaki waɗannan ƙa'idoji dalla-dalla ba, yana iya cike gurbin da dokokin wani wasa na Turai mai kama da ita, ba tare da ya nuna cewa ya yi hakan ba. Wanda bai taɓa zama a bakin gidan dara ba kuwa da wuya ya gane an yi masa sauyi.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka, wanda ya shafi duk mai son cin abinci da wannan sana'a. A watan Nuwamba na 2022 an shigar da ƙara a Amurka a kan kamfanonin GitHub da Microsoft da OpenAI, bisa zargin amfani da umarnin da wasu suka rubuta ba tare da kiyaye sharuɗɗansu ba. Haka kuma a watan Janairu na 2024 kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya shar'anta wa masu kawo wasa su bayyana inda suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka shi ma ya nuna a rahotonsa na Janairun 2025 cewa bayar da umarni da baki kaɗai bai isa ya sa mutum ya zama mai aikin ba, sai an ga abin da shi kansa ya zaɓa, ya tsara, ko ya gyara.