Ko Kun Sani? Ciwon Bayan Cinya Yakan Dawo

Tsokar bayan cinya ta fi yagewa a lokacin da ƙafar mai gudu take sama, dab da ta taka ƙasa. A wannan ɗan taƙin tsokar tana miƙewa, tana kuma taka wa ƙafar birki. Irin wannan rauni ne ya kayar da Usain Bolt a tserensa na ƙarshe, gudun miƙa sanda a gasar duniya ta Landan a 2017.

Kusan mutum ɗaya cikin uku raunin yakan dawo masa cikin shekara guda, musamman a makonni biyun farko bayan komawa fili. Dalili kuwa, zafi yana rigan rauni tafiya, tabon da ya maye gurbin tsokar kuma ba ya miƙuwa kamar ita. Shi ya sa matashin da ke gudun asuba, in ya ji wannan rauni, zai fara da tafiya, sannan sassarfa, gudun tsere sai daga baya. Atisayen Nodik, inda mutum zai durƙusa, aboki ya danne masa idon sawu, shi kuma ya sunkuya gaba a hankali, yana rage aukuwar raunin da kusan rabi.