Hasashen Sakamakon Kokawar Turawa Ta Hanyar Nazarin Zaren Labari

1.0 Gabatarwa

Kokawar Turawa, wadda matasa ke kira resilin, tana cikin wasannin da suka daɗe da samun gindin zama a zukatan masu kallon talabijin a Nijeriya. Da zarar wata babbar karawa ta gabato, sai a ga masu kallo sun duƙufa ga musu a kan wanda zai yi nasara, kowa yana kafa hujja da girman jikin gwaninsa ko kaurin damtsensa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan hujja ba ta da madogara. Sakamakon wannan kokawa tsararre ne tun kafin a hau dandamali, saboda haka mai son ya yi hasashensa kayan aikin manazarcin adabi yake buƙata, wato sanin jigo da taurari da yadda ake ƙulla zaren labari a kuma warware shi. Za a ɗauko misalai ne daga kamfanin WWE na Amurka, wanda kafin shekarar 2002 aka sani da WWF.

2.0 Matsayin Wasan

A kokawar gargajiya da dambe, babu wanda ya san wanda zai faɗi sai ƙasa ta shaida. Mai hasashe a can yakan dubi ƙarfi da dabara da shekaru da tarihin kaye. Kokawar Turawa kuwa ba haka take ba. Akwai masu tsara wasa waɗanda ke yanke shawarar wanda zai ci da wanda za a kayar, da yadda kayen zai kasance. Wannan ba zargi ba ne, domin a shekarar 1989 kamfanin da kansa ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey cewa abin da yake gabatarwa nishaɗi ne ba gasa ba, don ya kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni ta jihar. Sai dai ya kamata a lura cewa tsara sakamako bai hana faɗuwar ta zama ta gaske ba, kuma 'yan wasa da dama sun sami munanan raunuka a kan dandamali.

Tun a shekarar 1957 masanin nan na ƙasar Faransa, Roland Barthes, ya yi nuni a littafinsa Mythologies cewa abin da ɗan kallo ke nema a wannan wasa shi ne ya ga an yi adalci, mai laifi ya ɗanɗana kuɗarsa a bainar jama'a. Idan aka karɓi wannan ra'ayi, to wasan ya fi kusa da tatsuniya a kan kokawa. Yaron da ke sauraron tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa ya san tun farko cewa marainiya ce za ta auri ɗan sarki. Abin da ke riƙe da shi shi ne yadda za a kai ga nan. Daga wannan fahimta ne matakan hasashe ke tasowa.

3.0 Matakan Hasashe

3.1 Tantance Nagari da Mugu

Mataki na farko shi ne a gane rawar da kowane ɗan wasa ke takawa. Kusan kowace karawa tana da tauraro nagari wanda ake so jama'a su ƙaunata, da kuma mugu wanda ake so su tsana. Ana gane su ta shigarsu da kalamansu da yadda suke cin nasara: mugu yakan ci ta hanyar maguɗi, ko ya shammaci alƙalin wasa, ko ya samu ɗauki daga yaransa. Sau da yawa akan jingina muguntar da abin da ke damun 'yan kallo a zahiri. A watan Janairu na 1984 Hulk Hogan ya karɓe kambu daga Iron Sheik, ɗan asalin Iran, a daidai lokacin da Amurkawa ba su manta da garkuwar da aka yi da ma'aikatan ofishin jakadancinsu a Tehran daga 1979 zuwa 1981 ba. Haka kuma a lokacin rikicin Tekun Fasha, an mai da Sergeant Slaughter mai goyon bayan Iraƙi, aka ba shi kambu a watan Janairu na 1991, sannan Hogan ya ƙwace a watan Maris. Duk wanda ya san halin da Amurka ke ciki a wancan lokaci ba zai yi shakkar sakamakon ba.

3.2 Bashin Labari

Gane nagari da mugu kaɗai bai wadatar ba, domin mugu yakan yi ta cin nasara wata da watanni. Abin tambaya shi ne: yaushe ne bashinsa zai cika? Duk wani cin amana ko wulaƙanci da aka nuna wa jama'a bashi ne da marubuci ya ɗauka, kuma dole wata rana ya biya. Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Hogan da Randy Savage. A 1988 Savage ya ci kambu da taimakon Hogan, suka zama aminai. Daga nan aka rinƙa cusa kishi a tsakaninsu sannu a hankali a kan Miss Elizabeth, mai kula da harkokin Savage, har Savage ya juya wa amininsa baya a farkon 1989. Shekara guda cur aka ɗauka ana ƙulla wannan zare kafin Hogan ya kayar da shi. Ma'auni a nan shi ne, gwargwadon tsawon wahalar da nagari ya sha, gwargwadon kusantowar nasararsa.

3.3 Muhallin Karawa

Mataki na uku shi ne a dubi inda karawar ta faɗo a cikin tsarin shekara. Babban bikin kamfanin shi ne WrestleMania, wanda aka fara a birnin New York a 1985, kuma akan gudanar da shi a watan Maris ko Afrilu. A nan ne aka fi warware manyan ƙulle-ƙulle. Kafin shi akwai gasar Royal Rumble a farkon shekara, inda galibi mutum 30 ke shiga, kuma tun daga 1993 aka mai da shi al'ada cewa wanda ya ci zai nemi kambu a babban bikin. Wannan ya sa karon farko tsakanin abokan gaba biyu a wani ƙaramin taro ba kasafai yake ƙarewa da tsaftataccen kaye ba. A bisa ƙa'idar wasan, kambu ba ya sauya hannu idan an kori mai riƙe da shi saboda karya doka ko an ƙirga shi a wajen dandamali, sai an danne kafaɗunsa alƙali ya ƙirga uku, ko kuma ya miƙa wuya. Marubuta kan yi amfani da wannan kafa su ba nagari nasara ba tare da kambu ba, don ƙishirwar jama'a ta ƙaru.

A nan ne kuma ake gane abin da za a iya kira mai riƙon ƙwarya. Idan kambu yana hannun nagari, ana kuma son a miƙa shi ga wani nagarin, akan ratsa da shi ta hannun mugu. Iron Sheik ya karɓe kambu daga Bob Backlund a ƙarshen Disamba na 1983, bai kuma riƙe shi fiye da mako huɗu ba. An ba shi ne kurum don Hogan ya sami wanda zai kayar.

3.4 Mai Tasowa da Mai Barin Gado

Akwai daɗaɗɗiyar al'ada a wannan sana'a cewa mai barin fage yakan fita ne ta ƙofar kaye, don ya bar wa na baya daraja. Ric Flair ya sha kaye a hannun Shawn Michaels a karawarsa ta bankwana da kamfanin a 2008, shi ma Michaels ya sha kaye a hannun Undertaker a 2010 ya ajiye wasa. Don haka labarin cewa kwantaragin wani ya kusa ƙarewa, ko zai tafi yin fim, ko yana fama da rauni, ya fi duk wani kirari da zai yi a gaban jama'a amfani ga mai hasashe.

4.0 Inda Hasashe Ke Cin Tura

Waɗannan matakai ba dokoki ba ne da ba sa karyewa. Abubuwa uku ne suka fi karya su.

Na farko shi ne maslahar kasuwanci. A ranar 9 ga Nuwamba 1997, a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Bret Hart yana riƙe da kambu, yana kuma shirin komawa kamfanin WCW, babban abokin hamayya a lokacin. Hart bai yarda ya sha kaye a hannun Michaels a ƙasarsa ba. Sai Vince McMahon, shugaban kamfanin a wancan zamani, ya sa aka buga ƙararrawar tashi alhali Hart bai miƙa wuya ba. A ranar, har ɗaya daga cikin masu karawar bai san sakamakon ba. Haka nan Kofi Kingston, haifaffen Kumasi ta ƙasar Ghana, wanda ya ci kambu a Afrilun 2019 bayan fiye da shekara goma yana jira, ya rasa shi cikin 'yan daƙiƙoƙi a hannun Brock Lesnar a watan Oktoba, a daren da shirin SmackDown ya koma tashar Fox. Zaren labari bai buƙaci haka ba, lissafin kamfani ne ya buƙata.

Na biyu shi ne muryar 'yan kallo. A 2014 Batista ne ya ci Royal Rumble, amma jama'a suka yi masa ihu suna kiran Daniel Bryan, har kamfanin ya sauya tsari ya shigar da Bryan cikin babbar karawar, ya kuma ba shi kambu. Wannan ya nuna cewa masu sauraro na da hannu a cikin ƙagen, kamar yadda mai ba da tatsuniya kan tsawaita wurin da ya ga yara sun fi jin daɗi.

Na uku shi ne ganganci. Tun da marubuta sun san jama'a na karanta alamominsu, sukan saɓa musu don kada wasan ya yi lami. Undertaker ya ci karawa 21 a WrestleMania ba tare da faɗuwa ba tun daga 1991, har aka ɗauka hakan ya zama doka, sai ga shi Lesnar ya kayar da shi a New Orleans a 2014. Labarin Cody Rhodes kuwa ya fi koyar da darasi. Mahaifinsa, Dusty Rhodes, bai taɓa riƙe babban kambun kamfanin ba, aka gina labari a kan ɗa zai cika burin uba. Ya ci Royal Rumble a 2023, duk alamu suka nuna nasararsa, amma Roman Reigns ya kayar da shi da taimakon danginsa. Sai a Afrilun 2024, a birnin Philadelphia, Rhodes ya kawo ƙarshen mulkin Reigns na kwana 1,316. Masu hasashen 2023 sun gane wanda ke bin bashi, ranar biya ce ta shige musu duhu.

5.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa hasashen sakamakon kokawar Turawa karatun zuciyar marubuci ne. Mai nazari zai tambayi kansa: wane ne nagari, wane bashi labari ya ɗauka, a wane taro ake, wane ne mai tafiya, sannan me kamfani zai ƙaru da shi? Amsoshin sukan bayyana wanda zai yi nasara a ƙarshe, amma ba kasafai suke bayyana ranar ba, domin ranar tana hannun mai alƙalami. Wannan ya isa gargaɗi ga matasan da ke zuba kuɗinsu a caca a kan wasan da wasu mutane suka riga suka san ƙarshensa. Ga ɗaliban adabi kuwa, wasan hujja ce a kan cewa sanin ƙarshen labari ba ya kashe armashinsa, muddin mai ba da shi ya iya jan zare, ya kuma san lokacin da ya dace ya sake shi.