Gaskiya ko Jita-jita: Wane Ne Mashayi, Wane Ne Haɗari a Kan Hanya?

Duk wanda ya taɓa zama a bakin hanya a Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ya san kayan da wannan kwalta ke ɗauka: simintin Malbaza, albasar Galmi, motocin da suka fito Sakkwato ta Konni, ga 'yan kabu-kabu suna kutsawa tsakaninsu. A nan na ji wani direba yana rantse wa mai shayi: "Malam, ni fa ba mashayi ba ne, sai ran biki kawai." Maganarsa na iya zama gaskiya. Sai dai ranar bikin ma shi ke riƙe da sitiyari.

Kalma ɗaya muke jifan kowa da ita, mashayi, alhali abubuwa uku ne. Akwai wanda giya ta kama, jikinsa ba ya zama lafiya sai da ita. Wannan ciwo ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka. Akwai wanda ya mayar da ita al'adar kowace yamma, yana iya tsallake mako guda ba abin da zai same shi, ko da yake hantarsa da hawan jininsa da aljihunsa suna ji a jika. Na uku kuwa aiki ne na sa'a guda: mutum ya sha, ya hau mota ko babur. Haramcin giya a Musulunci ya hau kan duka ukun, amma maganin kowanne daban.

Ana cewa wanda giya ta kama shi ne ke kashe mutane a hanya. Rabin gaskiya ke nan. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2014 ya gano cewa tara cikin goma na masu shan da ya wuce kima ba su kai matsayin kamuwa ba. Hanya ba ta tambayar tarihin mutum, abin da ke cikin jininsa a wannan lokacin shi ne magana. A 2019 mutum 298,000 ne suka mutu a duniya a haɗurran hanya masu nasaba da giya, kuma 156,000 daga cikinsu shan wani ne ya ci su. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin daƙiƙa ɗaya. Jinkirin daƙiƙa ɗayan nan wajen taka birki ya isa a kai ga amalanken jakin da ba shi da fitila, ko yarinyar da ta tsallako da tiren albasa a Galmi.

"Na saba da ita, ba ta juya ni." Jita-jita ce, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Sabo yana ɓoye tangaɗi da lauyewar harshe, har jandarma ya duba takardu ya ce a wuce. Amma saurin ido da auna tazara da yanke shawara cikin gaggawa suna raguwa ko mutum bai ji komai ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar kada giya ta wuce giram 0.5 a kowace litar jinin direba, sababbin direbobi da masu tuƙin haya kuwa 0.2, wanda kwalba guda ma tana iya wuce da mutum.

Sai zancen goro, shayi mai kauri, Nescafé da wankan ruwan sanyi. Babu ɗaya da ke fitar da giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, a hankali, kusan giram 0.15 a lita cikin awa guda. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare da giram 1.5 a jininsa, in ya tashi ƙarfe shida don ya kama hanyar Badagishiri, har yanzu yana sama da 0.5. Goro ya buɗe masa ido ne kawai. In ya haɗa giyar da tramol kuwa, abin ya ƙara muni, don su biyun suna danne numfashi.

Inda muka fi yin zalunci shi ne kan mara lafiyan, wato wanda giya ta kama. Muna cewa, "In ya ga dama yau zai daina, taurin kai ne." Na ga wani dattijo a danginmu da safe, kofin kunu a hannunsa yana rawa har ya zube masa a riga. 'Yarsa ta karɓa tana ba shi da ludayi tana cewa, "Baba, sannu, sha kaɗan." 'Ya'yansa maza sun kulle shi a ɗaki ne don ya rabu da giya ƙarfi da yaji, da kyakkyawar niyya. A dare na uku ya fara ganin abin da babu, yana kaɗe ƙwari daga jikinsa, aka ce iskoki ne. Likita ya ce janyewar giya ce. Ga wanda jikinsa ya dogara da ita, yankewa farat ɗaya tana kawo rawar jiki da zufa cikin awa 6 zuwa 24, wani ya yi farfaɗiya, wani ya ruɗe a kwana na biyu ko na uku, kuma ana mutuwa a haka. Irin wannan asibiti ake kai shi, a janye shi da magani ana lura da shi, sannan nasiha da addu'a da tsayuwar dangi su biyo baya. Mai shan al'ada kuwa sau da yawa magana ta gaskiya daga likita ko aboki, da sauya majalisa, tana isar sa.

Wasu kuma na cewa nan ƙasar Musulmi ce, zancen bai shafe mu ba. Gaskiya ne masu sha kaɗan ne a cikinmu. Amma Jihar Sakkwato ta hana sayar da giya tun da ta kama shari'a a 2000, Konni kuwa tana dab da Illela ta Najeriya, ba wuya mai son sha ya tsallako, kuma mai sha a ɓoye yakan kwankwaɗa da sauri don kada a gan shi, ya tauna goro ya kashe wari, ya tayar da babur ya kama hanyar gida cikin duhu.